Feɗe Jimla Ba Shi Ne Iya Rubutu Ba

Garin Guéné yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Parakou da Kandi, ta gangara Malanville, inda gada ta haye kogin Kwara zuwa Gaya ta ƙasar Nijar. Wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta garin ranar da take ci zai ji Dandanci da Fillanci da Zabarmanci da Hausa, mutum ɗaya yana juya harshe uku kafin a gama cinikin bijimi guda, ba kuwa wanda zai koma gida bai san nawa aka sallama ba. Amma harshen lakwal Faransanci ne. Yaro yakan ajiye harsunan nan duka a bakin ƙofar aji, ya shekara shida yana dikte, yana koyon sunan kowace kalma da aikinta cikin jimla, har ya kai ga jarrabawar CEP. A zamanin mulkin Faransa ma, yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu akan rataya masa wata alama ta kunya, ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa.

Daga nan ne wani ra'ayi ya shiga ƙananan ikkilisiyoyi na wannan yanki, ya yi kane-kane. Ra'ayin shi ne, rubutu na wanda ya san nahawu ne. In ana neman mai rubuta sanarwa, ko wasiƙa zuwa ga 'yar'uwar ikkilisiya, ko rahoton taron dattawa, sai a nemo saurayin da ya fi nisa a lakwal, a danƙa masa alƙalami. In an buɗe ajin karatun Hausa domin manya, sai malamin ya cika allo da aikau da aikatau da karɓau, yana feɗe jimla gaɓa gaɓa kamar yadda aka yi masa da Faransanci, yana cewa sai an san wannan kafin a fara rubutu. Matar da ta iya karanta Littafi Mai Tsarki sarai, wadda in ta tashi magana a zumuntar mata ba mai motsi, in aka miƙa mata takarda sai ta ce, "Malam, ni ban yi lakwal ba." Wannan ra'ayi kuskure ne, yana kuwa jawo hasara.

A ɗauki misalin irin sanarwar da akan ji ran Lahadi. Saurayi ya tashi ya karanta: "Bisa la'akari da muhimmancin gudanar da aikin gyaran rufin majami'a, wanda wajibcinsa ya bayyana sakamakon gabatowar lokacin damina, ana kawo wa sanin dukan membobi cewa bayar da gudummawarsu cikin lokacin da ya dace abu ne da ake matuƙar bukata." Ko wane mushe aka kai wa jimlar nan ba zai sami inda zai sa jan alƙalami ba. Za a iya feɗe ta tsaf, kowace gaɓa ta zauna a mazauninta. Amma a tare tsohuwa a bakin ƙofa a tambaye ta, "Iya, me aka ce?" Ba ta san nawa ba, ba ta san wa za ta ba ba, ba ta san yaushe ba, gama ba a faɗa ba. Matar nan da ta ce ba ta yi lakwal ba, da ita aka ba aikin, da cewa za ta yi: "Rufin majami'a yana yoyo. Kowane gida ya kai jaka biyu wurin ma'aji kafin Lahadi ta biyu ga watan Mayu, domin a sayi kwano tun ruwa bai sauka ba." Saurayin bai rasa nahawu ba. Abin da ya rasa shi ne tunawa da tsohuwar.

Ya kamata a san inda wannan fiɗa ta fito, domin kowane kayan aiki akwai abin da aka ƙera shi dominsa. A Amurka wasu malamai biyu, Alonzo Reed da Brainerd Kellogg, sun fitar da littafi a 1877, suka koya wa yara zana jimla kamar taswira: a ja dogon layi, a ɗora mai aiki a hagu, aikin a dama, a raba su da sanda, sa'an nan a rataya sifofi da sauran ƙananan kalmomi a ƙarƙashi kamar tufafi a igiyar shanya. Ɗaliban Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da nasu zanen, wanda suke kira bishiyar li'irabi. Faransawa kuwa ba su cika zane ba, sai dai a bi kalma ɗaya ɗaya a faɗi jinsinta da aikinta, a kuma yanka doguwar jimla ganga ganga.

Bafaranshe yana da dalilinsa, dalili mai ƙarfi. A harshensa ana rubuta haruffan da baki ba ya furtawa. "Il parle" da "ils parlent" ɗaya suke a kunne, na fari mutum ɗaya ne yake magana, na biyu jama'a ne, sai a takarda kaɗai bambancin yake fitowa. Yaro ba zai san ƙarshen da zai sa wa kalma ba sai ya gano wa ya yi aikin, a kan wa aka yi shi, ko kuwa karɓau ya zo kafin aikatau ko bayansa. Wani masanin tarihin ilimi Bafaranshe, André Chervel, ya nuna cikin littafinsa na 1977 cewa nahawun makarantun Faransa an gina shi ne musamman domin a koya wa yara jera haruffan nan daidai. Wato maganin ciwon Faransanci ne. Haka malaman zaure da suke karantar da Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik suna da nasu dalili, gama a Larabci wasalin ƙarshen kalma ne yake nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa, in aka kuskure wasali ma'ana ta juye. Hausa fa? "Ya tafi" da "sun tafi" kunne ya riga ya raba su. Yarinya 'yar shekara biyar a Guéné ba za ta ce "rigar ya tsufa" ba, ba kuwa wanda ya taɓa gaya mata cewa riga tamata ce. An ɗauko maganin wani ciwo ana ɗura wa mai lafiya, sa'an nan ana mamakin yadda yake yamutsa fuska.

Ba yau aka fara gwada wannan magana ba. A 1963 wasu malamai uku a Amurka, Richard Braddock da abokansa, suka tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan koyar da rubutu, suka ga koyar da nahawu shi kaɗai ba ya ƙara wa rubutun yaro wani abin kirki, har ma yakan cutar, domin yana cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun kansa. A farkon shekarun 1970 aka yi gwaji na shekara uku a wata sakandare ta birnin Auckland a ƙasar New Zealand. Aka raba yara kashi uku, kashi biyu suna koyon nahawu iri biyu, kashi na uku karatu da rubutu kawai. Da aka auna rubutunsu a ƙarshe ba a sami bambancin a zo a gani ba, sai dai waɗanda aka ɗura wa sabon nahawu sun fi ƙin darasin. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka sake tattara gwaje-gwaje masu yawa, nahawu ya sake faɗuwa, amma wani abu ya ci: ba yaro gajerun jimloli biyu ko uku a ce ya haɗa su su zama ɗaya mai daɗi. Haɗawa ta yi amfani, rarrabawa ba ta yi ba. Yaran da aka yi wa gwaje-gwajen nan galibi da harshen da suke magana da shi suke rubutu, daidai da Bahaushen da ya zauna zai rubuta Hausa.

Amma ba sai an je Auckland ba. Tarihin rubutun Hausa na boko kansa ya isa shaida, masu bi kuwa sun fi kowa cancantar saninsa, gama a hannun 'yan mishan ya soma.

James Frederick Schön Bajamushe ne da ya yi aiki da ƙungiyar CMS. Shi da Samuel Ajayi Crowther suna cikin ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841. Ya ba da ransa ga Hausa: ya fitar da jerin kalmomi a 1843, da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, ya kuma fassara littattafan Sabon Alkawari. Ba mai raina wannan wahala sai marar kunya. Duk da haka, yawancin aikin a Ingila ya yi shi, bai zauna a Kano ko Katsina ya ji yadda ake ciniki da faɗa da zaman makoki ba. Fassararsa ba ta zauna a bakin jama'a ba, sai da Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905 yana cuɗanya da mutane, shi da abokan aikinsa suka sake aikin, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Shi ma bayan kusan shekara hamsin aka sake fassara shi, domin bakin mutane ya yi gaba.

To, cikin dukan abin da ya fito ta hannun Schön, wane ne har yau yake da rai in an karanta? Labarin Dorugu ne. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bauta, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Turai a 1855. Ya zauna wurin Schön yana ba shi labarin garinsu, da yadda aka sayar da shi, da hamada, da abin mamakin da ya gani a Ingila, Schön yana rubutawa. Labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Yaron nan bai san aikatau ba, bai san karɓau ba. Ya san abin da ya same shi, yana kuma da mutum a gabansa wanda dole ya fahimtar. Mai nahawu ya riƙe alƙalami, amma Hausar ta yaron ce. Mahauci ya san kowace gaɓa ta sa, ya san inda wuƙa za ta bi, amma in ana neman wanda zai kora garke daga Guéné ya kai shi mashaya ya komo da shi lafiya, ba rumfar mahauta ake zuwa ba.

Haka Abubakar Imam. Ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Magana Jari Ce ta fara fitowa a 1937, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci sai a 1976 ya fito. Wato an sha daɗin Hausar Imam kusan shekara arba'in kafin Bahaushe masani ya zauna ya tsara dokokinta ga ɗalibai. Masu nahawu daga baya suke zuwa, su duba abin da gwanaye suka yi, su sa masa suna. Aiki ne mai daraja, amma bin sawu ne.

Mai bi da yake jin kunyar rubutunsa ya kuma tuna da harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Helenanci ne na yau da kullum, irin na wasiƙu da takardun ciniki, kamar yadda tsofaffin takardun da aka tono a Masar suka nuna wa masana a ƙarshen ƙarni na 19. Markus yana jera jimlolinsa da "kuma" da "nan da nan" kamar mai ba da labari a gindin bishiya. Tun ƙarni na 3 Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya lura cewa Helenancin littafin Wahayin Yahaya bai bi ƙa'idar masana ba. Da an kai su gaban mai jan alƙalami da sun sha ja. Manzo Bulus kuwa, a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ma'auni ɗaya ya sa wa magana cikin taro, wato ko mai ji ya gane ya ƙaru.

Wani zai ce, ashe ke nan kowa ya rubuta yadda ya ga dama? A'a. Akwai ƙa'idojin da in an taka su magana takan lalace, abin haushi kuwa shi ne su ne ba a koyarwa, ana can ana fama da sunayen gaɓoɓi. Na fari haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigar cikin rubutun Hausa a shekarun 1930. Wasiƙar da aka rufe da "Allah ya kare ku" addu'a ce. In aka lanƙwasa harafin ya zama "Allah ya ƙare ku", an koma la'ana. "Ta bata kuɗin baiko" da aka rubuta a gurguje, mai karatu bai sani ba ko ma'aji ta ba wata kuɗin ne ko ta ɓata su, sunan mutuniyar kirki kuwa yana rataye a kan lanƙwasa ɗaya da tazara ɗaya. Na biyu raba kalmomi: "ita ce" daban, "itace" daban, "ta fi" daban, "tafi" daban. Na uku ya shafi wannan gefen iyaka musamman. Wanda ya yi lakwal yakan rubuta Hausa da haruffan Faransanci, ya sa "tchiki" a maimakon "ciki", "kouana" a maimakon "kwana", "djiya" a maimakon "jiya". In takardar ta isa Kamba ko Birnin Kebbi sai a yi ta juya ta. An zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, domin a daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, amma labarin bai kai ajujuwa da yawa ba. Duka wannan aikin makonni kaɗan ne ga wanda ya riga ya iya karatu. Ba ya bukatar zanen bishiya ko ɗaya.

Dole kuma a ba nahawu haƙƙinsa a inda yake da shi. Mai fassara daga Helenanci ko Ibrananci ba shi da mafita sai ya san ginin harsunan biyu. Yaron da zai zauna CEP dole ya iya feɗe Faransanci, in ba haka ba dikte ya kayar da shi, ba kuwa mai hankalin da zai hana shi. Binciken da Debra Myhill da abokanta suka yi a jami'ar Exeter ta Ingila, wanda ya fito a 2012, ya nuna nahawu yana taimako in an kawo shi a tsakiyar rubutu, a nuna wa yaro yadda sauya tsarin jimlarsa yake sauya abin da mai karatu zai ji, ko da yake waɗanda dama sun iya rubutu su suka fi amfana. Wannan kowane Bahaushe yana yinsa da baki. "Audu ya kawo kuɗin" ba ɗaya ba ne da "Audu ne ya kawo kuɗin", ba ɗaya ba ne da "kuɗin Audu ya kawo". Malamin da ya ɗora jimlolin nan uku a allo ya tambayi aji wace za a faɗa in ana gardamar wanda ya biya, ya koyar da nahawu mai amfani, bai kuwa ambaci sunan gaɓa ko ɗaya ba.

Akwai wata ɓarna kuma da ake yi da sunan gyara. Hausar bakin kogi ta yamma ce, irin ta Kabi da Arewa da Sakkwato: "munka tahi", "shi zaka". Sai mai ɗan sani ya tsaya a kan dattijo yana ce masa ba haka ake faɗi ba, "muka tafi" ne daidai. Daidaitacciyar Hausa da aka gina a kan ta Kano tana da amfaninta, ita ce ta littafi, kowa ya koye ta domin a karanta shi nesa. Amma "munka" ba kuskure ba ne, gadon gida ne, da shi aka yi waƙoƙin ajami tun kafin boko ya zo. Dattijon da aka kunyata a gaban 'ya'yan cikinsa saboda shi ba zai komo aji mako mai zuwa ba, wasiƙar da zai rubuta wa ɗansa da yake Kwatano kuwa ta tafi ke nan. Sai ya koma neman mai rubuta masa, ya tona asirin gidansa ga yaron maƙwabta.

Dattawan ikkilisiya suna da ikon sake wannan ba tare da kashe ko dala ba. A ajin manya, ranar da mutum ya iya haɗa haruffa a ranar zai fara rubutu na gaske: sunan 'ya'yansa, bashin da ake binsa, saƙo zuwa ga ƙanwarsa. Ya karanta da ƙarfi, na kusa da shi ya maimaita abin da ya ji. In abin da aka maimaita ba shi ne nufinsa ba, ya sake. Jan alƙalamin malam ya tsaya ga lanƙwasa da raba kalma da aya. Sanarwar Lahadi kuwa, kafin a shiga sujada a karanta wa mutum ɗaya wanda bai halarci taron dattawa ba, a tambaye shi nawa, wa, yaushe. Aikin magatakarda a ba wanda jama'a suke ganewa in ya yi magana, mace ko namiji, da takardar lakwal ko babu, saurayin mai BEPC ya taimaka da wasiƙun Faransanci da za a kai ofishin gwamnati.

A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an rufe gadar Malanville. 'Yan'uwa na Gaya da na wannan gefe, waɗanda a dā sukan wuni tare su kwana a gidajensu, suka koma dogara ga kwalekwale da saƙon waya. A irin wannan lokaci in tsoho ya rasu a Guéné, saƙon da za a aika hayin kogi layi biyu ne: wa ya rasu, yaushe za a binne, ta wace mashiga za a haye. Sau da yawa wadda ta fi kowa sanin amsar tambayoyin nan uku ita ce matar nan ta zumunta, tana zaune da waya a hannu, tana jiran a nemo mata saurayin da ya yi lakwal.